Direban da ke mutuwa da tsakar rana: zafi ne, ko katsewa ce ta ɓace?

Tambayar ta zo daga Marwa a arewacin Kamaru, daga wani ɗalibi da ke aikin kammala karatu. Direba a nan shi ne ɗan shirin da ke haɗa wata na'ura da kenel, wato zuciyar tsarin Linux, katsewa kuma kiran da na'ura ke yi wa furosesa ne don ta bar abin da take yi ta saurare ta. Ga ta a taƙaice:

"Yaya Injiniya, ina rubuta direba a kenel ɗin Linux don wani ɗan allo mai furosesar ARM. Allon yana karanta wani cif ta I2C, wato wayoyi biyun da allo da cif ke magana ta cikinsu, cif ɗin kuma yana ƙirga ruwan da famfon sola ke fitarwa daga foraj, wato rijiyar burtsatse, a wata gonar albasa. In ya tara bayani sai ya ja layin katsewa ƙasa, mai amsawata, wato ɓangaren direban da ke amsa kiran, ta tura aikin karatu zuwa layin jira. Da safe komai lafiya. Wajen sha biyu zuwa azahar sai bayani ya daina zuwa, alhali allon yana raye, ina shiga cikinsa daga nesa ta SSH. Na canja IRQF_TRIGGER_FALLING zuwa IRQF_TRIGGER_LOW, allon ya sandare gaba ɗaya. Na mai da karatun I2C cikin mai amsawar, sai na ga saƙon kuskure na scheduling while atomic. Da na zuba printk, mai buga saƙonnin kenel, ko'ina, matsalar farko ta yi kwana biyu ba ta dawo ba. Abokaina sun ce zafin Marwa ne, in sa fanka. Me ka gani?"

Ƙanena, riƙe kuɗin fankarka tukuna. Ban raina zafin Marwa ba. Mu ma nan Garwa a watan Maris da Afrilu ma'auni yana wuce 40, kuma na ga allon da rana ta gasa a cikin akwatin ƙarfe har ya riƙa kashe kansa. Amma zafi ba ya zaɓe. In ya kama allo, furosesa ce ke rage gudu, ko katin ajiya ya fara ba da kuskure, ko allon duka ya mutu ya sake tashi. Ba zai tsallake SSH da agogo da komai ya bar su lafiya, ya je ya kashe layinka guda ɗaya tak ba. Abokanka sun lura da lokacin daidai, dalilin ne suka kuskure. Tsakar rana ita ce lokacin da farantan sola ke ba da wuta mafi yawa, famfo ke gudu mafi sauri, cif ɗinka ke kira babu ƙaƙƙautawa. A cikin direbanka akwai wata 'yar kafa, wadda in kira ya faɗo cikinta shi ke nan. Da safe kiran jefi-jefi ne, da wuya ya dace da kafar. Da rana kuwa ana jifa sau dubbai, dole wani ya shiga.

Kafin in nuna maka kafar, bari in shimfiɗa abu ɗaya, domin duk alamomi ukun da ka lissafa daga shi suka fito. Kowace katsewa tana bi ta hannu uku. Akwai cif ɗin da ya yi kira. Akwai mai tsaron ƙofa, wato na'urar da ke tattara layukan katsewa ta miƙa wa furosesa: a allunan ARM na zamani yawanci GIC ce, a naka kuma akwai mai kula da GPIO, wato ƙafafun shiga da fita na furosesa, a gabanta, a tsohuwar kwamfutar tebur 8259 ce. Sai ita furosesar, wadda ke ajiye abin da take yi ta tafi amsawa. Kira bai ƙare ba sai kowane ɗaya cikin ukun ya yarda ya ƙare. Ni na koyi wannan da wuya, lokacin da nake rubuta ɗan kenel na wasa a kan QEMU, shirin da ke kwaikwayon kwamfuta. In na danna harafi ɗaya a madannai sai ya fito, na biyu shiru har abada. Na kwana biyu ina zargin teburin katsewa. Ashe ban taɓa gaya wa 8259 cewa na gama ba, wato rubuta 0x20 a tashar 0x20, ita kuwa tana riƙe da layin tana jira. Da na gyara wannan sai na sake faɗawa irinta, domin na manta karanta tashar 0x60, mai kula da madannai kuwa ba ya aiko sabon harafi sai an ɗauke tsohon. A Linux an ɗauke maka nauyin mai tsaron ƙofa da na furosesa, kenel yana yin su da kansa. Sallamar cif ɗin ce taka, kuma kai kaɗai ka san harshensa. Nan gizo ke saƙa.

Yanzu bambancin tutocin nan biyu da ka gwada. FALLING baƙo ne da ya ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya. Mai tsaron ƙofa ba ya duba ko akwai mutum a tsaye, sauyin kawai yake ji, lokacin da layi ya faɗo daga sama zuwa ƙasa. LOW kuwa baƙo ne da ya danna ƙararrawa ya riƙe. Muddin layi yana ƙasa, ana ta kira. Zan kira na farko ƙwanƙwasa, na biyu riƙo. Yawancin cif irin naka masu riƙo ne: suna jan layi ƙasa su riƙe shi har sai ma'ajinsu ya zama fanko ko an goge tutar. Kai kuma ka gaya wa kenel ya saurari ƙwanƙwasa. Ga yadda take kasancewa. Cif ya tara bayani guda uku, ya ja layi. An kira ka. Aikinka ya tambayi cif nawa ne, ya ce uku, ka fara kwasa. Kana tsakiyar kwasar na uku sai na huɗu ya shigo. Ka gama ukunka ka tafi. Ma'aji bai taɓa zama fanko ba, saboda haka layi bai taɓa komawa sama ba, layin da bai hau ba kuwa ba zai sake faɗowa ba. Cif yana tsaye yana jiran a zo a kwashe, kenel yana zaune yana jiran a ƙwanƙwasa. Sun yi cirko-cirko, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya, domin a ganin kowannensu shi ke da gaskiya.

Kafar ba ƙarama ba ce in ka yi lissafi. I2C a gudun 100 kHz tana cin bugu tara kan kowane bayit, wato kimanin makirosakan 90. Karanta rajista guda, da adireshi da komai, ya kusa rabin milisakan. Furosesa mai gudun 1 GHz ta yi bugu dubu ɗari huɗu a wannan tsakanin. Ƙara da jiran da aikinka ke yi a layi kafin a ba shi dama. Shi ya sa printk ta zame maka kamar magani. Layi guda mai haruffa 80 a kan wayar siriyal mai gudun 115200 yana cin kusan milisakan bakwai. Ka jirkita lokutan duka, kafar ta matsa wani wuri, cutar ta lafa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Duk ranar da ka ga kuskure ya gudu saboda ka sa printk, ka rubuta a littafinka cewa rige-rige ne tsakanin abubuwa biyu, sai ka fara neman su wane da wane.

Kada ka yarda da ni haka kawai. Gobe in ta mutu, kada ka sake tayar da allon. Shiga ta SSH ka buga cat /proc/interrupts sau biyu, da tazarar sakan goma, ka duba layin da ke da sunan direbanka. In lambar ta tsaya cik, ɗauki mitarka ka auna ƙafar katsewar. In ta nuna sifili maimakon 3.3, magana ta ƙare: cif yana kira, ba a jin sa. In kana gari allon yana gona, kuma ba ka da kuɗin kilando, wato ɗan acaɓa, duba /sys/kernel/debug/gpio, zai nuna maka ko ƙafar tana lo ko hi. Gwaji na ƙarshe, kwashe ma'ajin cif ɗin da hannu, da i2cget ko i2cdump, ka ƙara -f tunda direbanka yana riƙe da adireshin. In bayani ya ci gaba da zuwa nan take, ka kama ɓarawonka da hannu cikin tukunya. Wannan aikin minti biyar ne, kuma na fi son ka saba da shi fiye da duk abin da zan faɗa a ƙasa: a matsalar katsewa, ƙirga kafin ka taɓa lamba. Ƙidayar da ta tsaya, da ƙidayar da ke gudu kamar mitar mai, da ƙidayar da ke tafiya daidai amma bayani na ɓacewa, cututtuka uku ne daban.

To me ya sa da ka koma riƙo allon ya sandare? Ka yi daidai a zaɓin, sauran rabin ne ka bari. Mai amsawarka tana tura aiki zuwa layin jira ta dawo da IRQ_HANDLED, wato an amsa, ba tare da ta taɓa cif ba. Kenel ya yarda da ita, ya buɗe layi. Layi har yanzu yana ƙasa. Kafin furosesa ta taka taku ɗaya zuwa aikin da aka tura, an sake kira. Haka za a yi ta yi. Aikin da zai sallami cif yana nan a layi, ba zai taɓa samun furosesa ba, musamman in allon mai ƙwayar furosesa ɗaya ne. Wannan ita ce ambaliyar katsewa. Allon bai mutu ba, aiki ne ya yi masa yawa, aikin banza. Kenel yana da kariya a kan haka, amma tana aiki ne in an gaya masa gaskiya. Yana ƙirga kira dubu ɗari, in fiye da 99,900 cikinsu an dawo da IRQ_NONE, wato kiran ba nawa ba ne, sai ya buga irq kaza: nobody cared, ya biyo da Disabling IRQ, ya rufe layin don sauran tsarin ya rayu. Kai kuwa kana ce masa an amsa, an amsa, alhali ba a amsa ba, sai kariyar ta zama hoto. Na sha ganin direbobin da ke dawo da IRQ_HANDLED ko da me, wai don kada kenel ya yi ƙorafi. Wannan kamar cire ƙwan jan wuta ne daga gaban mota don kada ya dame ka. In ka karanta rajistar hali ka ga babu komai naka, dawo da IRQ_NONE. A layin da na'urori da yawa suka yi tarayya, mai tutar IRQF_SHARED, wannan wajibi ne ma.

Gwajinka na uku kowa ya taɓa yin sa, kada ka ji kunya. Tunanin daidai ne: tunda dole a sallami cif kafin a buɗe layi, bari in sallame shi nan take. Matsalar ita ce mai amsawa ta farko ba ta da ikon barci. Ita ba shiri ba ce mai zaman kansa, aron wuri ta yi a kan duk wanda ta tarar yana gudu, don haka mai rabon lokaci ba shi da abin da zai ajiye ya dawo masa daga baya. Kuma tun sigar 2.6.35 Linux tana gudanar da masu amsawa da katsewa a rufe a kan wannan ƙwayar. Karatun I2C kuwa barci ne tsantsa: ka ba mai kula da I2C saƙo, ka kwanta, shi kuma ya tashe ka da tasa katsewar in ya gama. Ka ga ke nan kana jiran kira a ɗakin da kai da kanka ka toshe ƙofarsa. Haka mutex_lock, da msleep, da kmalloc mai GFP_KERNEL, da copy_to_user, duk haramun ne a wurin. Kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP a kenel ɗin gwajinka. Zai kama ka da saƙon sleeping function called from invalid context tun a kiran farko, ko da a ranar barcin bai zo ba.

Maganin yana nan tun 2009, lokacin da aikin Thomas Gleixner na masu amsawa masu zarensu ya shiga sigar 2.6.30, kuma cif irin naka, da ke bayan I2C ko SPI, suna cikin manyan masu cin moriyarsa. Yi amfani da request_threaded_irq. A gurbin mai amsawa ta farko sa NULL, a gurbi na biyu sa aikinka, a tutoci sa IRQF_ONESHOT. Abin da zai faru: kira ya zo, kenel ya rufe layin a wurin mai tsaron ƙofa, ya tayar da wani zare na musamman, wanda za ka gani a ps da suna irin irq/lamba-sunanka. Zaren nan shiri ne cikakke, yana da ikon barci, yana gudu da fifikon SCHED_FIFO na 50, sama da shirye-shiryen yau da kullum. A cikinsa karanta I2C yadda kake so. Sai ya dawo kenel zai buɗe layin. In a lokacin bayani na huɗu ya riga ya shigo kuma layi yana ƙasa, ba komai, sabon kira zai zo da kansa, domin yanzu riƙo ake saurare. Kafar ta toshe, ambaliyar ma ta tsaya. In ka manta ONESHOT tare da NULL, kenel zai ƙi buƙatar gaba ɗaya, kuma gata ya yi maka.

Nau'in kiran kuma fitar da shi daga direba ka kai shi bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke gaya wa kenel abin da ke kan allo, ka rubuta IRQ_TYPE_LEVEL_LOW, wanda lambarsa 8 ce. Na ga wanda ya rubuta 2 a bishiya, wato ƙwanƙwasa, ya rubuta riƙo a direba, ya yi mako yana mamakin wanne ke aiki. /proc/interrupts yakan nuna Level ko Edge a gefen layin. Abin da ya nuna shi ne gaskiya, ba abin da kake tunanin ka rubuta ba.

Hanzari ba gudu ba. Ba kowane mai kula da GPIO ne ya iya riƙo ba. EXTI na STM32, alal misali, ƙwanƙwasa kawai ya sani. In naka haka yake, dole ka toshe kafar da hannunka. A cikin zaren, kada ka kwasa sau ɗaya ka tafi. Karanta hali, kwashe, sake karanta hali, ka ci gaba har sai cif ya ce babu saura, domin sai a lokacin ne layi ya hau, kuma kira na gaba zai zama sabuwar faɗuwa. Sa wa zagayen iyaka, kamar sau ɗari, ka buga gargaɗi in an kai, saboda ranar da wayar I2C ta kwance kana iya karanta 0xFF har abada. Sannan ka kula da jeri in cif ɗinka irin wanda ake goge wa tuta ne ta hanyar rubutu. Goge tukuna, sannan ka kwasa. In ka kwasa sannan ka goge, bayanin da ya shigo tsakanin biyun ka goge tutarsa ba ka karanta shi ba. In ka goge tukuna, mafi munin abin da zai faru shi ne kira guda na banza, wanda za ka tarar babu komai. Kiran banza ba ya kashe kowa. Amma wannan ya dogara da cif, wasu karatun ne da kansa ke gogewa. Buɗe takardar bayanin cif ɗin, nemo sakin layin da ya faɗi abin da ke sakin layin katsewa, karanta shi sau uku. Rabin aikin gyaran katsewa a wannan sakin layin yake, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, wataƙila don da Ingilishi yake mu kuma da Faransanci aka koyar da mu.

Akwai wata 'yar'uwar wannan kafa da za ta same ka a gona ko ba yau ba, saboda yadda wuta ke yi mana a arewa. A ce allon ya sake tashi, amma cif bai rasa wuta ba, ko ya riga allon farkawa. Kafin direbanka ya hau, cif ya riga ya ja layi ƙasa. Mai sauraren ƙwanƙwasa ya makara, faɗuwar ta wuce, ba za a sake ba. A tebur ba za ka taɓa ganin wannan ba, domin kullum kana kunna su tare. Saboda haka a probe, wato aikin da kenel ke kira lokacin da direba ya hau, ka fara da rufe bakin cif, ka goge duk tsohuwar tuta, ka shirya kwaɗunanka, masu hana ɓangarori biyu taɓa bayani lokaci guda, da ma'ajinka duka, sannan ka nemi katsewar, sannan a ƙarshe ka buɗe bakin cif. Ka ɗauka cewa za a iya kiran mai amsawarka tun kafin request_threaded_irq ta dawo, domin ana yi. Duk wanda ya nemi katsewa a layin farko na probe ya shirya ma'aji a layi na goma, wata rana zai ga NULL pointer dereference a lokacin tashi, sau ɗaya cikin tashi hamsin, ya ce aljanu ne.

Sauka kuma a juye take. Rufe bakin cif, saki katsewar da free_irq, wadda ke jira har mai amsawar da ke gudu ta gama, tsayar da duk aikin da ke layin jira da cancel_work_sync, sannan ka saki ƙwaƙwalwa. In kana amfani da devm_request_threaded_irq, ka tuna ba a sakin katsewar sai bayan remove ɗinka, wato aikin sauke direba, ta dawo. Duk abin da ka rushe da hannu a cikin remove, mai amsawa tana iya tarar da kangonsa. Kuma kada ka taɓa kiran disable_irq ko free_irq daga cikin mai amsawar kanta, ko kana riƙe da kwaɗon da take buƙata. Za ka zauna jiran kanka. Domin irin wannan wurin aka yi disable_irq_nosync.

Ba ka yi maganar kwaɗo ba a tambayarka, kuma shirun nan ya fi damuna. Bayanin da mai amsawa ke zubawa, wani ne ke ɗiba ta read daga sama. Me ke tsakaninsu? In ka koma zare kamar yadda na ce, mutex, kwaɗon da mai jiransa ke iya barci, ta wadatar, kuma wannan ma wani dalili ne na komawa. Amma in wata rana ka rubuta mai amsawa ta farko da ke taɓa bayanin tarayya, ka san wannan tarkon. Ɓangaren read ya kama spin_lock. Yana riƙe da shi sai katsewa ta faɗo a kan ƙwayar da yake gudu. Mai amsawa ta nemi kwaɗon, ta tarar a kulle, ta tsaya tana juyi. Mai makullin kuwa shi ne wanda ta danne, ba zai motsa ba sai ta gama. Allon ya tafi, ko harafi ba zai buga ba. A ɓangaren read dole spin_lock_irqsave, wadda ke rufe katsewa a ƙwayar kafin ta kama. Abin daɗi, ba sai ta faru za ka gane ba. Lockdep, da Ingo Molnar ya kawo a 2006, yana lura da kowane kwaɗo: in ya ga an taɓa kama shi a cikin katsewa, kuma an taɓa kama shi a waje da katsewa a buɗe, sai ya buga inconsistent lock state tare da wuraren biyu, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Kunna CONFIG_PROVE_LOCKING. Yana rage gudu, don haka na gwaji ne, ba na gona ba, amma ni ba na duba direban ɗalibi sai ya nuna mini ya gudu a ƙarƙashinsa shiru. Wajen tayar da mai jira kuma, sa bayanin tukuna sannan ka kira wake_up, mai jiran kuma ya yi amfani da wait_event_interruptible da sharaɗi na gaske, kada ya duba da kansa sannan ya kwanta.

Game da kayan aiki, daina printk a hanyar katsewa. trace_printk tana rubutawa a ƙwaƙwalwa, ba ta jiran siriyal, don haka ba ta jirkita lokaci sosai. Ftrace, mai bin sawun abin da kenel ke yi, ita ma tana da irq_handler_entry da irq_handler_exit a shirye, kunnawa kawai za ka yi a /sys/kernel/tracing, ka ga kowane kira da lokacinsa. Sayi wayar siriyal ta USB ka bar ta a haɗe, domin ran da allon ya sandare SSH ce ke fara tafiya, kuma kalaman ƙarshe na kenel ta siriyal suke fita. Ka yi haƙuri ka jira kafin ka zare wuta: mai gadin soft lockup sai bayan sakan 20 yake magana, na RCU bayan 21. Da yawa suna zarewa a sakan biyar su rasa shaidar. In da hali ka samu 'yar na'urar leƙen sigina mai ƙafa takwas, irin mai arha da ke aiki da PulseView. Ɗora ƙafa ɗaya a layin katsewa, biyu a SDA da SCL, wayoyin I2C. Za ka ga kafar da idonka: karatu ya ƙare, layi yana kwance bai tashi ba.

Kuma kada ka jira rana ta yi maka gwaji. Cire mitar ruwan, ka ba cif bugu daga wani ɗan Arduino, ka ninka gudun famfo sau goma, ka jirkita tazarar bugun don kada ta zama daidai-wa-daida. Tsohon direban ya kamata ya mutu cikin mintuna, a ɗaki mai sanyi, da dare. In ya mutu, ka wanke zafi daga zargi a gaban abokanka. Sabon kuma ka bar shi ya kwana a haka, ka kwatanta bugun da Arduino ya aika da wanda direba ya ƙirga. Gyaran da ba ka iya tayar da cutarsa da gangan ba, ba ka san ko ya gyaru ba.

Abu ɗaya zan bar wa abokanka, domin gona ba tebur ba ce. In ka duba ka ga akasin abin da na zata, wato ƙidaya tana hawa alhali cif ya ce bai kira ba, to wannan ba lamba ba ce, waya ce. Layin katsewa irin wannan yawanci cif yana iya jan sa ƙasa ne kawai, razista ce ke mai da shi sama. In ka dogara da ta cikin furosesa, mai rauni ce, dubun-dubatar om, kuma inbatar famfo tana watsa hayaniya sosai, ita ma ta fi yawa da tsakar rana. Doguwar waya kusa da ita eriya ce. Sa razista 4.7k a waje, gajarta wayar, raba ta da wayar famfo. In kana dawo da IRQ_NONE da gaskiya, fayil ɗin spurious da ke ƙarƙashin /proc/irq da lambar layinka zai nuna maka yawan kiran da ba su da mai su. I2C kanta an yi ta ne don cikin allo, ba don ta ratsa gonar albasa ba. In tsakanin cif da allo ya kai mita da yawa, matso da su wuri ɗaya, ka bar doguwar tafiyar ga RS-485, hanyar siriyal da aka yi don doguwar waya.

Turo mini abu uku in ka gwada: /proc/interrupts sau biyu bayan ta mutu, abin da mita ta nuna a ƙafar, da hoton shafin takardar cif ɗin da ke maganar sakin layi. Lambar cif ɗin ma ba ka faɗa mini ba, kuma ita za ta nuna ko goge tukuna ne ko karatu ne ke gogewa. Ka gaishe da mai gonar, ka ce masa ya ci gaba da rubuta awannin famfo a takarda zuwa ƙarshen mako.